Zaren Bahaguwa

Ni 'yar fari ce, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya. Kunya ake ce wa abin, kuma macen da ta fi tsananta shi ita ake yabo. Mahaifiyata ta sha yabo har ta gaji. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Jandutsi aka kai ni Jega wurin Goggo, yayar mahaifina, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. A hannunta na tashi.

Mahaifiyar tawa Adda nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna kiranta, kuma babu wanda ya taɓa gyara mini. Ita kuwa in ta kama dole ta ambace ni sai ta ce "Ta Jega". Goggo takan kai ni Jandutsi in an yi haihuwa ko rasuwa. In durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, ta tashi ta shige madafa kamar ta bar tuwo a wuta. Ƙannena kuwa ga su nan suna hawa jikinta suna ja mata ɗankwali. Manya su riƙa cewa, "Kai, matag ga akwai kunya!" Ni kuma in ce a raina, matar nan dai akwai ƙiyayya. Da na girma na gane al'ada ce, amma ganewar ba ta rage mini komai ba. Na ga 'yan fari da yawa waɗanda ake tura musu ƙosai a ɓoye, ko a kalle su ta wutsiyar ido. Ni ko wannan ban samu ba.

Goggo ta rufe mini wannan gurbi iyakar ƙarfinta. Mace ce mai fara'a da baki, ba ta shiga gida ta fito ba a yi dariya ba. Sana'arta kaɗi, kuma ita ta koya mini: yadda ake gurza auduga a fitar da angurya, yadda ake shiɓa ta da baka har ta tashi, yadda ake shafa alli a yatsu a murza mazari a cikin ɗan ƙoƙo. Kafin in isa aure zarena ya fi nata laushi, dillalan kasuwar Jega suna tambayarsa. Ba yabon kai nake ba, haka abin yake.

Kowace ƙaramar salla Goggo takan fito mini da sabon zane. Ba irin na maza masaƙa ba mai ƙananan ƙwarya, wato siraran ƙyallaye da ake haɗawa, a'a, saƙar mata ce mai faɗi da kauri, wani baƙi da fari, wani shuɗi da ratsin ja, da geza a baki. Ban taɓa ganin abin saƙa a gidanmu ba, sai na ɗauka zarenta take bayarwa a saƙa. Na taɓa tambayarta, "Goggo, wa yay yi min wanga?" Ta ce, "Wa ad da ke in ba ni ba?" Sai na rungume ta, magana ta ƙare.

Wata shekara ƙaya ta yage mini ɗaya daga cikinsu a hanyar gulbi. Don kada Goggo ta gani, na laɓe a ɗaki na zaro zare daga gezar zanen, na ce in ɗora shi a mazarina in ƙara masa tsawo in ɗinke wurin. Ina murza mazari sai zaren ya warware, ya koma auduga, ya tsinke. Na sake, ya sake tsinkewa. Ina cikin haka Goggo ta shigo, ta fizge zanen.

"Aje! Zaren ga ba a haɗa shi da naki."

"Don mi, Goggo?"

"Don hakanan. Tashi ki ɗebo min ruwa."

Ita ta ɗinke shi da allura, ni kuma na manta da zancen.

Aurena ya zo a shekarun da Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba. Kuɗin ƙarfe ya fara korar wuri, an buɗe kanti a Jega, mutane suna zuwa kallon yadin da aka ce ba hannu ya saƙa shi ba. Mijina mutumin Aliero ne, gidansu manoman albasa. Gabu yake kawowa kasuwa, busasshen ganyen albasa da ake dunƙulawa don miya, kuma Goggo ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mai gabun da ke ɓatan hanya kullum ya faɗo ƙofar gida guda ba. Ina son sa, yana so na, aka ɗaura. Goggo ta kai ni ɗakina da kanta, ta yi mini jere, ta koma. Ba ta ga cikina na fari ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita da damina, kafin kaka ta rasu.

Da cikin ya tsufa sai zancen goyon ciki ya taso, wato komawar mace gidan iyayenta don haihuwar fari. Da Goggo tana da rai ai da rawa zan tafi. Yanzu kuwa babu inda ya rage sai Jandutsi, ɗakin matar da ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba. Na roƙi surukata ta bar ni in haihu a Aliero. Ta riƙe baki.

"Ɗiyar mutane ta yi haihuwar hwari ɗakin miji, uwatta na da rai? So kike a yi muna waƙa bakin rijiya?"

Na yi kuka, na ƙi cin abinci, duk a banza. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Mata suna mutuwa a haihuwar fari, na sani, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in mutu a gaban wadda ba za ta yi mini kuka ba.

Da na ga tafiya ba fashi sai na ci alwashin ba zan nemi ko allura a hannunta ba. Na haɗa tsofaffin zannuwana na salla, waɗanda wanki ya lausasa, na ce su ne tsumman jinjiri, hannun Goggo ne zai fara taɓa shi. Saura majanyi da zanen goyo, waɗanda a al'ada uwar mai jego ce ke yi. Shi ma na samu mafita. Mijina ya dawo daga dakon kayan wani Bature da aka kwashe su suka raka rangadi, kafaɗarsa duk ta saɓule, amma ya biya ta kanti ya yanko mini alawayyo, farin yadi mai santsi da sheƙi. Na naɗe shi na sa a saman adudu.

Aka kai ni Jandutsi a kan jaki bayan an cire auduga. Mahaifina ya amsa gaisuwata daga zaure, ya ɗauki fartanya ya nufi fadama, shi ma da tasa kunyar. Ƙannena mata sun yi aure, mazan suna wurin aiki tun safe. Gida ya rage daga ni sai Adda sai wata jar akuya da ke ɗaure a gindin turke.

A nan na ga kunya iya kunya. An share mini ɗaki, an yi sabon daɓe, an tara itacen wanka har ya kusa kai katanga. Amma magana babu. In ta gama tuwo sai ta tsaya tsakar gida ta ce, "A hwaɗa ma Ta Jega tuwo na nan bisa turmi." Wa zai faɗa? Babu kowa sai akuya. In rana ta take sai in ji, "A ce ma Ta Jega ta bar zama cikin rana." Akuyar nan ta isar da saƙo a watan nan fiye da ɗan aiken hakimi.

A jikin bangon ɗakinta, ƙarƙashin rumfa, akwai abin saƙa a tsaye, an rufe shi da tsohuwar tabarma. Da safe in ina ɗaki nakan ji bugunsa, tim, tim, a hankali. Ina fitowa sai a saki tabarma. Na san abin da ake saƙawa, ai ba yarinya ba ce ni. Kuma maimakon in ji daɗi sai raina ya ɓaci. Wato jikan da bai zo ba ana yi masa majanyi, ni da na zo tun tuni ko ƙyalle ba a taɓa yi mini ba. Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauko alawayyona na baza shi a kan igiya yana ɗaukar ido, na juya wajen turke.

"Ke akuya, in kin ga wani na wahalad da kai wajen abin goyo, ki ce mai shi huta. Ɗan ga da nashi ya taho, daga kanti."

Da gangan na faɗa, kuma ta ji. Tana tankaɗe a lokacin. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Daga ranar ban sake jin bugun saƙa ba. Na ɗauka zan ji sanyi a raina, amma gidan sai ya yi mini shiru fiye da da.

Wani abu da na lura da shi tun zuwana, Adda ba ta kaɗi a tsakar gida yadda mata ke yi, suna hira suna murza mazari. Ita sai ta ɗauki taskirarta ta zaga bayan rumbu, inda ba mai ganinta. Na sa wannan ma cikin halinta na ƙin mutane.

Ran nan da hantsi aka aiko an yi haihuwa a maƙwabta, ta yafa zane ta tafi barka. Zafi ya dame ni, na zaga bayan rumbu neman inuwa. Ga buzunta a shimfiɗe, ga taskira, ga mazari da zare ya kai rabi, ga shiɓaɓɓiyar auduga a gefe. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, don tun barina Aliero ban taɓa mazari ba. Kuma, in faɗi gaskiya, so nake ta dawo ta ga yadda ake kaɗi a Jega. Na zauna da ƙyar, na shafa alli, na kama bakin zarenta na haɗa da auduga, na murza.

Zaren ya warware ya tsinke.

Na ce ko alli ne bai kama ba. Na sake shafawa, na sake haɗawa, na murza. Ya buɗe a gaban idona, ya koma auduga, ya rabu biyu. Sai na tsaya. Yatsuna sun riga kaina tunawa. Na taɓa jin wannan tsinkewar, a ɗakin Goggo, ranar da ƙaya ta yage mini zane.

Na ɗaga zaren sama na dube shi da kyau. Murɗinsa ba irin na kowa ba ne, baya ya nufa. A kasuwar Jega na sha jin dillalai suna zancen zaren bahaguwa. Mai kaɗi da hagu, mazarinta juyawa yake ta ɗaya gefen, don haka zarenta ba ya haɗuwa da na dama. Masaƙa ba sa sayensa, sun ce in ya gauraya da na sauran mata sai ƙyalle ya riƙa tattarewa. Mai irin wannan hannu, in tana son zarenta ya zama tufa, sai dai ta saƙa abinta da kanta. Goggo kuwa da dama take kaɗi, a gabanta na koya, hannuna a cikin nata.

Ban san yadda na tashi da wannan ciki ba. Na shiga ɗaki na zazzage adudu, na ɗauko zannuwan salla. Na zaro zare daga gezar na farko na murza tsakanin yatsu. Baya. Na biyu, baya. Shuɗin mai ratsin ja, baya. Har ɗan ƙaramin da na fara ɗaurawa, wanda yanzu bai fi a rufe ƙwarya da shi ba. Babu ko ɗaya da ya fito daga hannun Goggo. Sai ga wani abu ya faɗo mini: kowane azumi mahaifina yakan zo Jega da jaki ya kawo wa yayarsa dawa, kuma kullum akwai wani ƙunshi a ƙasan mangala da Goggo ke saurin shigewa da shi ɗaki.

Da ta dawo daga barka ta zaga bayan rumbu, na bi ta a hankali na leƙa ta tsakanin rumbu da danga. Auduga a dama, mazari a hagu. Matar da ke ci da dama, take miƙa abu da dama, take gaisawa da dama, don an ɗaure mata hagun tun tana ƙarama har ta bari. Kaɗi ne kaɗai ya ƙi komawa, shi ya sa take ɓuya. Ta ga inda zarenta ya tsinke, ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ƙulla ta ci gaba.

Kada wani ya ɗauka daɗi na fara ji. Haushi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ji haushin Goggo a kabarinta, da "wa ad da ke in ba ni ba". Na ji haushin mahaifina da mangalarsa. Na ji haushin duk tsohuwar da ta taɓa cewa "matag ga akwai kunya". Shekara da shekaru ina yawo a Jega da hannun uwata ɗaure a ƙuguna, ina ce wa kaina marainiya. Sai da haushin ya sauka sannan kuka ya zo. Na cusa fuskata cikin zannuwan na yi mai isata, ba sauti, don kada akuya ta kai labari.

To, yanzu fa? Kunyar nan ba ita kaɗai ta ɗaure ba, har da ni. Ba zan iya zuwa in durƙusa in ce na gane ba. Da na yi haka da na tsiraita ta, da ta rasa inda za ta sa kanta a gidanta. Ga kuma majanyi a jikin bango, rabi a saƙe, ni na tsayar da shi da bakina, haihuwa kuma tana matsowa. Abin da nake so a duniya a lokacin shi ne in ji bugun nan ya dawo.

Washegari na sauko da alawayyo daga igiya, na tsaya kusa da turke ina jujjuya shi, na ɗaga murya yadda za a ji a madafa.

"Ke akuya, alawayyon ga ashe sulɓi garai. Wanga ba shi riƙon jinjiri. Ana duƙawa daka sai ɗan mutum shi zame. Ni dai ban san yadda za ni yi ba."

Akuya ta kalle ni tana tuƙa. Na shiga ɗaki na zauna, ina cewa ko na makara. Rana ta ɗaga, ta kusa tsaka. Can sai na ji an janye tabarma. Tim. Tim. Wallahi ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan daɗi ba, har ɗan cikina sai da ya motsa.

Daga nan aiki ya zama namu mu biyu, ba tare da an ce haka ba. Da safe in gurza auduga in shiɓa, in cika taskira, in ajiye a bayan rumbu in bar wurin. Da la'asar in tarar da taskirar a ƙofar ɗakina babu komai ciki sai ɗan ƙullin gyaɗa ko ɗanyen rogo. Ta daina sakin tabarma in na fito. Ni kuma in zauna nesa kaɗan, in ba ta gefe, ina tsintar wake, ina satar kallo. Fari ne majanyin, da ratsin shuɗin baba a baki biyu, saƙar ta yi ƙarfi yadda ko ɗan maraƙi aka goya ba zai zame ba. Ta yanke shi daga jikin itace ana sauran kwanaki kaɗan in haihu, ta tufke gezar, ta ce a faɗa wa Ta Jega akwai wani tsumma a kan turmi in tana so.

Naƙuda ta zo mini da wuya. Ungozoma da wata maƙwabciya ne a kaina, Adda ba ta shigo ba, don ba a yi. Amma duk lokacin da na buɗe ido ina ganin inuwar ƙafafunta a ƙasan asabarin ƙofa, ba su gusa ba har aka ji kukan yaro. Namiji ne.

Jika ba shi da kunya a wurin kaka, mijinta ne na wasa. Matar nan da na ɗauka ba ta iya dariya ba, sai ga ta tana rawa da jinjiri a tsakar gida, tana ce masa maigida, tana yi masa tsiyar ya zo hannu sake babu ko goro. Ni kuwa yanzu kunya ta hau kaina. Ɗan fari ne, ba na ɗaukarsa a gaban mutane sai an miƙo mini, ba na kallonsa sai ɗaki ya zama ba kowa. A lokacin na san abin da ake ji. Ashe ciwo ne, kamar nono ya cika an hana ka bayarwa.

Bayan suna, wata safiya, ta yi masa wanka a ƙofar ɗakina. Ina zaune a kan gado daga ciki, na fito daga ruwan zafi jikina duk ya mutu. Ta miƙa hannu cikin tsummokaran da na tara don ta goge shi, sai ta ɗauko wani baƙi da fari da ya kusa cinyewa. Da gangan na sa shi a sama, shi ne wanda ya fi kowanne rashin kyan zare. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗe yaron a ciki, ta ɗora shi a cinya.

"Kai maigida, ina kas samo tsumman ga? Dubi zaren, nan kauri, nan siriri. Kak ka ga laihin mai kaɗin. Bazarad da anka kaɗa shi, an ce wata yarinya na kwance Jega da ƙyanda, idanunta sun ruhe. Ubanta ya tahi. Kakatta ta tahi. Kowa ya tahi. Mutum guda anka ce bai kamata ta tahi ba. To mi za ta yi? Sai ta zauna bayan rumbu tana kaɗi, hannu na kyarma."

Na tuna zanen. Ko da yake cikin na salla na ajiye shi, ba da salla ya zo ba. Shi Goggo ta rufa mini lokacin da na fara tashi zaune, fatata tana saɓa.

Bai kamata in yi wa yaron nan magana a gabanta ba, ko kallonsa bai kamata in yi ba. Na sauko daga gado na matso bakin ƙofa, na dube shi sosai.

"Kai, hwaɗa ma matakka yarinyar ta tashi. Da zanen ga anka lulluɓe ta. Kuma ta san mai shi."

Adda ba ta ɗago ba. Na ga kafaɗarta tana rawa. Ta goge fuska da gefen ɗankwali, ta ce, "Maigida, ruwan ga ya huce, bari in ɗebe shi." Ta tashi da ƙwaryar ta zaga bayan rumbu, ta daɗe ba ta fito ba.

Har yau ban ce al'adar nan ta yi daidai ba, kuma ban ce na fi ƙarfinta ba. Ɗan nan nawa yanzu furfura ta cika masa gemu, jikokinsa suna Maiyama, kuma bakina bai taɓa furta sunansa ba. Amma ban ba kowa shi ba, a ɗakina ya girma. Duk rigar da zan yi masa, a tsakar gida nake zama in kaɗa zarenta, inda zai wuce ya gani. Alawayyon nan ma bai lalace ba, mahaifina aka ɗinka wa taguwa da shi, ya yi ta zuwa Juma'a da ita yana taƙama har ta mutu.

Ranar da na gama wanka za a mayar da ni Aliero, gida ya cika da mata 'yan rakiya, jaki yana jira a ƙofar zaure. Maƙwabciya ta ɗauko yaron za ta goya mini, sai Adda ta karɓe shi daga hannunta. Ta zago bayana ta kwantar da shi, ta ja zane ta rufe, ta kawo majanyin ta zagayo da shi ta gabana. Tun da aka yaye ni hannunta bai taɓa jikina ba sai ranar. Ta fara ƙulli da dama, bai yi mata ba. Ta kwance, ta sake da hagu, a gaban kowa, ta ja shi tamau har sai da na ja numfashi.

Sannan ta leƙa ta kafaɗata, wajen ɗan kan da ke bayana.

"Maigida," ta ce, "ka riƙe min ita da kyau."